Filin Maharba: Nauyin Kunama da Masu Son a Sassauta Ta

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan kunamar bindiga suka taru, wato ɗan ƙarfen da yatsa ke ja a yi harbi. Ba abin mamaki ba ne. An kawar da amfanin gona, zabin daji sun fara fitowa kala cikin kara, kowa ya ɗauko bindigar da ya rataye tun saukar damina, sai ya ji yatsansa bai gane ta ba. Mun taƙaita tambayoyin saboda wuri. Duk gwajin da za ku karanta a ƙasa, ban da na bindigar iska, da bindigar da babu harsashi a ciki ake yin sa, wadda aka buɗe aka leƙa da ido, aka zura yatsa aka tabbatar, bakinta kuma yana duban inda ba mutum ba dabba.

TAMBAYA, daga wani maharbi a Sumaila: Assalamu alaikum. Ina da bindiga mai baki ɗaya ƙirar Rasha, Baikal, lamba 12. Kunamarta ta yi mini tauri, kuma ina yawan kuskuren zomo. Yaya zan san ko ta wuce ƙa'ida?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Yatsa ba sikeli ba ne. Kunamar da za ka ji kamar dutse da sanyin asuba, ita ce za ka ji ta yi laushi bayan azahar, alhali ƙarfen bai canja ba. Auna ta tukuna, kayan awon ma suna cikin gidanka.

Nemi waya mai kauri wadda ba ta miƙewa, tsawon kamu ɗaya da rabi. Lanƙwasa kanta ya zama ƙugiya, ka naɗa masa salatif don kada ya karce ƙarfe. A ɗaya kan ka ɗaura leda mai ƙwari. Sa kwankon harsashin da aka riga aka harba a cikin bindigar, domin allurar da ke dukan gindin harsashi ta sami abin sauka, kada ta riƙa dukan iska har ta karye. Duba kwankon da kyau: bakinsa a buɗe, gindinsa da tabon allura. Kowane kwanko duka biyu ko uku yake ɗauka, sai ka canja. Ɗana bindigar, tsayar da ita baki sama, maƙala ƙugiyar a tsakiyar kunama daidai inda yatsanka yake zama, wayar ta sauka ta gefen ƙota ba tare da ta goge ta ba, ledar tana ƙasa. Zuba ledojin fiya wata biyu a ciki. Kowace leda mai santilita 50 rabin kilo ce, tunda litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Ɗaga bindigar sama a hankali, ba fizga ba. In ledar ta bar ƙasa kunama ba ta tashi ba, ajiye ka ƙara ɗaya.

A ce huɗu sun ɗagu lafiya, ta biyar ta tayar da ita. To nauyin yana tsakanin kilo 2 da 2.5. Cire ta biyar, sa gorar roba, ka riƙa ƙara mata ruwa mililita 100 a kowane zagaye. Sirinjin kemis mai 20 sau biyar ke nan. Wasu masu fiya wata ba sa cika ledarsu, don haka in kana da sikelin rataye irin na masu sayar da kifi, gwada ledojin a kansa tukuna.

Yi awon sau biyar ka rubuta. Abin da lambobin biyar suka nuna ya fi lamba ɗaya amfani. In sun tsaya kusa da juna, bambancin bai wuce giram 100 zuwa 150 ba, kunamarka lafiyayya ce ko da tana da nauyi. In yanzu ta tashi a kilo 2, an jima a 2.6, to akwai datti a ciki ko wani ƙarfe ya ci, kuma wannan rashin tabbas shi ke ɓata harbi fiye da tauri. Ka kuma kula da inda ƙugiyar ta zauna: in ta zame zuwa ƙarshen kunama, awon zai nuna ƙasa da gaskiya, kamar yadda doguwar ƙota ke sauƙaƙa ɓanɓarar dutse.

Ga bindiga mai watsa dalma irin taka, kilo 1.6 zuwa 2.3 shi ne daidai. Har 2.7 ana zama lafiya da ita. In ta haura 3, a wanke, in bai sauka ba a kai wa mai gyara. Baikal bindigar aiki ce, takan fito da ɗan tauri tun daga masana'antarta a Izhevsk, kuma ba a yi mata sukurun sassautawa ba.

Batun zomo kuwa, da wuya laifin kunama ne. Ana gwada watsuwar dalma a da'ira mai faɗin santimita 76 daga nisan kusan mita 36, faɗin da ya isa ya rufe ƙaramin kuskuren yatsa. Yawancin masu kuskuren zomo bayansa suke harbi, saboda suna tsayar da bindiga a daidai lokacin jan kunama. Bi shi da bakin bindiga, wuce hancinsa, ja, kada hannunka ya tsaya.

TAMBAYA, daga Birnin Kudu: Ina da raifil mai lasisi. Abokaina sun rabu biyu, wasu sun ce kunama mai laushi sosai ita ce ta gwanaye, wasu sun ce haɗari ce. Kilo nawa ya dace?

AMSA: Malam, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Raifil ƙwaya ɗaya take fitarwa, babu watsuwar da za ta rufa maka asiri. In tazarar da ke tsakanin saitin baya da na gaba santimita 60 ce, bakin bindiga ya gusa da milimita ɗaya tak lokacin da kake ja, a mita 50 harsashi ya kauce da santimita 8, a mita 100 da kusan 17. Bindigar da nauyinta kilo 3 ne, kunamarta ma kilo 3, yatsanka yana tura ta da ƙarfin da ya isa ya ɗaga ta gaba ɗaya. A nan masu son laushi suka yi gaskiya.

Inda suka kauce shi ne, laushin da suke gani wajen masu gasa na mutumin da ke kwance a kan tabarma ne, numfashinsa a natse, babu kowa a gabansa sai takarda. Ko a can ma, akwai rukunin raifil na mita 300 a gasar harbi ta duniya da dokarsa ta hana kunama ta gaza giram 1,500, kuma suna zuba harsashi a tsakiya da ita. Kai kuwa ka yi tafiyar awa biyu cikin sabara da geza, kana haki, yatsunka sun yi kaushi da hunturu har ba ka jin abin da ka taɓa sosai. Kunamar giram 600 a irin wannan yatsa takan tashi kafin ka gama saiti.

Ra'ayinmu: raifil ɗin da ake yawo da ita a daji, kilo 1.3 zuwa 1.8. A takardun Amurka za ka ga an rubuta laba 3 zuwa 4, laba ɗaya giram 454 ce. Mai kwanton ɓauna shi kaɗai, bindiga a kan gwafa, zai iya sauka zuwa 1.1. Mai shiga farautar gayya, ga karnuka ga samari da gora ta kowane gefe, kada ya gaza kilo 2, ko ma ya bar raifil a gida, domin harsashinta yana wuce abin da aka harba da nisa ƙwarai.

Sannan nauyi ɗaya ne daga abubuwa uku. Akwai rarrafe, wato tafiyar da kunama ke yi tana gurzawa bayan ta yi nauyi kafin ta saki. Akwai zarcewa, tafiyar da take yi bayan ta saki. Kunama mai kilo 1.8 da ke ɓallewa tsaf kamar an karya busasshen kara ta fi mai kilo 1.2 da ke rarrafe daɗin harbi nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan masu kukan tauri rarrafe ne ke damunsu ba su sani ba. Kada dai a rikita rarrafe da kunama mai hawa biyu: ita wannan da gangan aka yi ta, hawan farko sako-sako, sai ka ji ta tokare, daga nan ƙarin matsi kaɗan ta tashi. Ga yatsa mai sanyi tana da kyau, tunda tana sanar da kai inda kake.

Wasu raifil ƙirar Cek, kamar CZ 527 da 550, kunamarsu in ka tura ta gaba sai ta koma mai laushi ƙwarai. Ba a yin haka sai an riga an zauna, saiti yana kan dabba. In dabbar ta gudu ba ka harba ba, buɗe bindigar ka cire harsashi kafin ka ɗaga ƙafa.

TAMBAYA, daga wani matashi a Gwaram: Bindigar Babanmu ce, mai guduma a waje. Ya manyanta, yatsansa ba ya iya jan ta kamar da. Wani maƙeri ya ce zai goge haƙorin ciki da zarto ta yi laushi. In ba shi?

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ka ba shi, samari. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma ga dalili.

In an ɗana bindiga, sifirin mai ƙarfi yana tura guduma gaba, abin da ya riƙe ta kuwa ɗan haƙori ne da ya shiga wata tsaga a jikinta. Inda suka haɗu bai fi kaurin farce ba. Jan kunama zare haƙorin nan ne daga tsagar. Abubuwa biyu ke sa riƙon ya zama amintacce: zurfin shigar haƙorin, da karkatar fuskokin biyu. An yanka su ne yadda ƙarfin sifirin zai riƙa jawo haƙorin ciki. Zarto a hannu, komai ƙwarewar mai shi, yakan kwantar da karkatar nan, sai sifirin ya koma tura haƙorin waje. Daga ranar, ba abin da ya riƙe gudumar sai gogayyar ƙarfe da ƙarfe. A jingine ta ta zame, ko a yi tsalle da ita a kan kunya, ta tashi.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. A bindigogi da yawa, fatar waje kawai aka ƙona ta yi tauri a waɗannan sassa, cikin ƙarfen mai laushi ne. Zarto ya cinye fatar, ranar farko kunama ta yi daɗi, kowa ya yaba wa maƙeri. Sai laushin ƙarfen ya riƙa cinyewa da kowane harbi. Wata uku ta sauka daga kilo 2 zuwa 1.5, wata shida zuwa ɗaya, ba wanda ya auna, har ranar da za ta tashi wajen rufewa. A ce tsautsayi. Ba tsautsayi ba ne, zarto ne.

Tunda gudumar a waje take, kana iya duba lafiyarta da kanka. Ɗana ta, ka tura gudumar gaba da babban yatsa da matsakaicin ƙarfi, ba ka taɓa kunama ba. Kada ta faɗi. Sannan ka ja kunama a hankali sosai kana kallon gudumar daga gefe. Lafiyayya takan tsaya cik, ko ta ɗan ja baya kaɗan kafin ta faɗi. In ka ga tana sulalewa gaba tun kafin ta saki, an riga an taɓa haƙorin ko ya ci, a ajiye bindigar har a sa sabo. Haƙorin da ya lalace canja shi ake yi.

Yanke sifirin ɗin guduma ma ba mafita ba ce. Kunama za ta ɗan sauka, amma duka zai yi rauni, harsashi ya riƙa ƙin tashi.

Abin da zai taimaki Baba: a wanke cikin bindigar kamar yadda muka bayyana a amsar mai tambaya daga Maigatari, a auna kafin da bayan wanki. In yana ja da kan yatsa, ya matso da kunamar kusa da gaɓar farko, inda ƙarfi ya fi. In duk da haka ta fi ƙarfinsa, a kai wa mai gyaran da ke da izinin 'yan sanda. Dokar Bindigogi ta 1959 ba ta bar gyaran bindiga ga kowa ba, kamar yadda ba ta bar mallakarta ba lasisi ba: mai watsa dalma da raifil ɗin farauta lasisinsu daga Sufeto Janar yake, bindigar toka daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mai gyara na gaske da dutse mai santsi yake sulɓe fuskar ƙarfe ba tare da ya canja karkatarta ba, kuma zai auna a gabanka.

TAMBAYA, daga Tudun Wada: Tawa Tikka T3x ce, takardarta ta ce ana iya daidaita kunama. Yaya ake yi, kuma me zan kiyaye?

AMSA: Alhaji, taka tana cikin waɗanda masana'anta ta yarda mai ita ya taɓa, tsakanin kilo 1 da 2. Cire gidan harsashi, zare sakatar ɗuri (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi) gaba ɗaya, leƙa bututun. Kwance sukurori biyu da suka riƙe ƙarfen da ƙota, ɗaga ƙarfen ka kwantar a kan tsumma mai tsabta. A gaban akwatin kunama akwai sukuru ɗaya da ake juyawa da alanki mai milimita 2.5. Ɗaure shi yana ƙara nauyi, kwance shi yana ragewa. Auna kafin ka taɓa, ka rubuta. Juya kwata ɗaya, mayar da sakata, auna sau uku. Kada ka yi zagaye guda a tashi ɗaya, kuma ka riƙa rubuta kwata nawa ka juya don ka iya komawa inda ka fito.

Ka fahimci abin da sukurun yake yi. Ƙaramin sifirin yake matsawa, kuma sifirin ɗin nan ba nauyi kaɗai yake bayarwa ba, shi ne ke mayar da kunama mazauninta a ƙarƙashin haƙori duk lokacin da aka ɗana. In ya yi sako-sako da yawa, kunama ba ta komawa sosai, haƙori ya kama da gefen baki, bindiga ta tashi wajen rufe sakata. Shi ya sa aka ce kada a sauka ƙasa da kilo ɗaya. Mu ma ba mu ga dalilin kusantar iyakar ba, 1.3 ta isa.

Wasu kunamu, kamar na tsofaffin Remington 700, sukuru uku gare su: na nauyi, na zarcewa, da na zurfin haƙori. Na uku ba na mai bindiga ba ne, galibi ma za ka tarar an liƙe kansa. Na zarcewa kuma in aka matse shi da yawa, kunama ba ta samun filin saki. Savage masu kunamar AccuTrigger sukuru ɗaya ne da ɗan makullinsa na musamman, kuma ɗan harshen da ke tsakiyar kunamar yana tare haƙori in ya kuɓuce ba a ja ba.

Bayan ka mayar da ƙota, ka ɗaure sukurorin daidai, ba da ƙarfin kwance tayar mota ba, sai gwaji huɗu, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Rufe sakata da ƙarfi sau ashirin, kana duba ko tana nan a ɗane kowane karo. Ɗana, cire makullin kariya (wanda ke hana bindiga tashi), buga gindin ƙota a kan tabarmar da aka ninka daga tsawon taƙi ɗaya, sau goma. Bugi gefen ƙarfen da tafin hannu. Na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: ɗana, sa makulli, ja kunama da ƙarfi, saki, ɗauke yatsa, sannan ka cire makullin. In ta tashi ko sau ɗaya a cikin waɗannan, ƙara rabin zagaye ka sake daga farko. In ta sake, mai gyara.

In komai ya yi, ɗiga jan farce a kan sukurun. Yana hana shi juyawa da girgizar babur a hanyar burji, kuma in ya tsage ka san ya motsa. Sake awo bayan harbi ashirin na farko.

TAMBAYA, daga Guri: Ina harbin kirinjijiya a fadama da mai baki biyu. Sau biyu ke nan ina jan kunamar gaba baki biyun su tashi tare, har kafaɗata ta kumbura.

AMSA: Sannu, Malam. Fara da hannunka. In kana sa yatsa biyu, ɗaya a kowace kunama, naushin harbin farko ne ke jan ta biyun. Yatsa ɗaya ake amfani da shi, ya ja ta gaba, ya zame zuwa ta baya. Hannun riga mai faɗi ma yakan yi wannan ɓarnar.

In ba haka ba ne, auna kowace daban. Maƙeran Ingila suna da tsohuwar ƙa'ida: ta gaba kusan rabin nauyin bindigar, ta baya ta ɗara ta da kamar rabin laba, domin ita ce ke shan girgizar harbin farko tana ɗane. Bindiga mai kilo 3.2, ta gaba 1.6, ta baya wajen 1.8. In ka tarar ta baya ta fi ta gaba laushi, haƙorinta ya ci ko tsatsa ta cika tsagar. Akwai kuma abin da ya shafi masu fadama musamman: katakon ƙota yana shan laima ya kumbura ta ciki, ya tokare haƙori ya hana shi shiga sosai. Ko ma wanne ne, kada ka sake sa harsashi biyu sai an gyara. Ka tuna makullin kariya na yawancin irin waɗannan bindigogi kunama kawai yake tarewa, haƙori yana iya kuɓucewa da makulli a rufe. A cikin kwalekwale bindiga a karye take zama, wato a buɗe. Sai kuma ka san iyakar Baturiya, wurin da aka keɓe ne, ba a harbi a ciki yadda aka ga dama.

TAMBAYA, daga Maigatari: Kullum ina zuba wa kunama mai, amma da hunturu sai ta ƙara tauri, wani lokaci ma ba ta komawa gaba.

AMSA: Man ne ciwon, Malam. Mai da ƙurar hunturu in suka haɗu sai su zama kwaɓi mai gurza ƙarfe, da sanyi kuma ya daskare. Man gyaɗa da manja sun fi muni, suna bushewa su zama danƙo. Baƙin mai yana da kauri kuma ɗauke yake da dattin inji. Kunamar da ba ta komawa gaba kuwa ta wuce maganar tauri, haƙorinta ba ya kamawa sosai ke nan. Kada ka raina ɗan danƙo a wannan wuri: a watan Afrilun 2014 kamfanin Remington ya janye bindigogin Model 700 da Model Seven masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga 2006 zuwa 2014, saboda gam ɗin da ya yi yawa a cikin kunamar yana iya sa ta tashi ba a ja ba.

Raba ƙarfen da ƙota. Kada ka wargaza kunamar kanta, ƙananan sifirin ɗinta in suka yi tsalle cikin yashi sai wani ikon Allah. Zuƙi sifirit na kemis a sirinji, ka fesa daga sama ya ratsa ya fito ta ƙasa, kana motsa kunamar, har ruwan ya fito fari. Tsohon buroshin haƙori ya bi inda ido ke gani. Yi a waje, nesa da murhu, kuma ban da fetur. Hura da famfon keke, bar shi ya bushe a inuwa. Sannan ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kan tsinke, a taɓa fil ɗin da kunama ke juyawa a kai, a goge saura. Shi ke nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu gara ta zauna kusan a bushe. Da damina ne ake ƙara shafa tsumma mai ɗan mai saboda tsatsa. Wajen ajiya, jingine ta baki ƙasa na kwana ɗaya bayan ka shafa wa bututu mai, don kada ya gangaro cikin kunama da katako. Auna bayan wanki, domin nauyin zai sauka, kuma ka yi gwaji huɗun da muka ba mai tambaya daga Tudun Wada.

TAMBAYA, daga wata baiwar Allah a Ringim: Maigidana yana da bindigar toka ta maƙera, yana rataye ta a ɗaki da ɗuri a ciki, ya ce ba ta tashi sai an ja. Ga yara. Gaskiya ne?

AMSA: Malama, damuwarki a kan hanya take. Bindigar maƙera ba ta da ma'auni ɗaya, ƙarfen haƙorinta galibi mai laushi ne, yana ci da sauri, kuma kunama mai kilo biyu ba ta gagari yaro ɗan shekara biyar da ya sa hannu biyu ba. Ki roƙe shi cikin ladabi ya riƙa sauke ɗurin a daji kafin ya shigo gari. In dole ta kwana da ɗuri, a cire hular da guduma ke duka, a sauke gudumar a kan ɗan guntun fata, a kulle bindigar inda yaro ba ya kaiwa, hula da albarushi a wani wuri daban. Ko an cire hula, ɗan burbushinta yakan saura, saboda haka a ɗauke ta a matsayin mai ɗuri. Sanin ko akwai ɗuri kuwa ba a yin sa da ƙwaƙwalwa. Ranar da bindigar take wayam, ya zura sandar ɗuri har ƙasa ya yi mata alama daidai bakin bututu. Duk ranar da alamar ta tsaya sama da baki, akwai abu a ciki. Irin wannan bindiga ba a sassauta kunamarta ko kaɗan.

TAMBAYA, daga Kazaure: Bindigar iska ce tawa, Weihrauch, ta harbin kurciya da hasbiya. Zan iya auna ta da dabarar ledar ruwa?

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Bindigar iska mai sifirin ba a harba ta wayam, ba ƙwaya a ciki, fistin ɗinta zai daki ƙarshen silinda ba iskar da za ta tare shi, roba da sifirin su lalace, kuma ba ka tsayar da ita baki sama da ƙwaya a ciki ba. Kwantar da ita a kan buhun yashi, baki yana duban tudun ƙasa, sa ƙwaya, ka ja kunamar baya a miƙe da sikelin rataye, wani yana karanta lambar. Kunamar Rekord da ke jikinta mai hawa biyu ce, babban sukurun da ke bayan kunama shi ne na nauyi, ɗaurewa na ƙarawa. Ƙananan na ciki ka ƙyale su. Wajen ɗuri kuma, hannu ɗaya ya riƙe bututun da ka karya gam har ka gama sa ƙwaya, domin in haƙori ya saki a lokacin, bututun zai dawo da ƙarfi ya datse yatsa ko ya lanƙwashe.